Ranar da Injin Roba Ya Ci Gashin Bakin Rabo

A Dakoro, in ka tambayi inda rumfar Rabo take, ba mai ce maka ka yi gabas ko yamma. Cewa za a yi ka tsaya ka kasa kunne, inda ka ji murya guda tana ta zuba babu mai amsa mata, to can ne. Gyaran amalanken jakai ne abincinsa. Ya cire taya, ya buga mata rulma, wato zoben ƙarfen nan mai ƴan ƙwallaye a ciki da ke sa taya juyawa, ya cika giris, ya ɗaure noti har sai ya yi kuka, ya kai wa tayar hauri, ya ce ta yi. Amma kada ka kuskura ka kira shi mai gyaran amalanke. Metir Rabo ne, wato ƙwararre, injiniya. Sau guda a rayuwarsa ya bi babbar mota zuwa Agadas yana yaron mota, kuma har yau motar nan ba ta gama isa ba a bakinsa.

Da abu biyu yake tinƙaho, iliminsa da gashin bakinsa. Ilimin dai ba wanda ya taɓa gani da ido. Gashin bakin kuwa, sai wanda ya gani! Baƙi wuluk, ya sauko ya rufe leɓɓa duka biyu kamar labule. Jama'a sun ɗauka ado ne. To, ni da ku, labulen ne na gaske. Shekarun baya ya kai wa wata taya hauri, ya sunkuya yana sauraronta, jakin da ke ɗaure a amalanken ya ɗauka da shi ake, ya rama, ya yi gaba da haƙoran Rabo biyu na gaba. Rabo ya shige ɗaki damina guda, aka ce wa mutane ya tafi Yamai ƙaro ilimi. Da ya fito, ya fito da gashin baki. Mutum biyu kaɗai suka san abin da ke bayan labulen: matarsa Hamsatu, da Abarci wanzami, taubashinsa, wanda ke datse masa shi.

Ana nan, sai ga wani kwali daga tasha, an rubuta sunan Rabo a kai. Ƙanensa Zaharaddini ne ya aiko daga Yamai, ya biyo shi da saƙon murya a waya. Rabo ya kunna a tsakar gida, Hamsatu na tankaɗe tana ji.

"Yaya, ina wuni. An mayar da ni aiki Dakoro, ina nan tafe bayan kayana. Abin da ke cikin kwalin nan injina ne na sha'awa, shi nake wasa da shi in na taso aiki. Zaren roba yake narkawa, yana jera shi hawa-hawa yadda mai ginin tukunya ke yi, har abu ya fito. Don Allah a ajiye mini shi, kada a buɗe."

"Ji yaro," in ji Rabo. Muryar da ke cikin wayar ta ci gaba.

"Na san halinka, Yaya, shi ya sa zan gaya maka dalili. Kan injin bisa ƴan tayoyi yake tafiya, tsofaffin sun cinye, na sayi sababbi ban haɗa ba. Aikin lallashi yake so. Kowace taya rulma biyu, da ɗan zobe siriri tsakaninsu. Da yatsa ake danna su, ba a bugawa."

"Ba a bugawa! Rulma?"

"Akwai noti mai rami a gefe, da shi ake matso da taya sannu-sannu har ta taɓa sandar da take bi. Ta daina girgiza, amma yatsa na iya juya ta. Kuma ba a sa giris."

Rabo ya kashe wayar, ya kalli Hamsatu. "Kin ji ko? Yaron da na goya shi ke koya mini taya. Ni! Ni da na ɗaure tayar motar da ta ratsa hamadar Tenere!"

"Cewa ya yi kada a buɗe, Malam."

"Ai ba buɗewa zan yi ba, dubawa zan yi."

Kafin ta ɗaga rariya, kwali ya zama biyu.

Da la'asar ya nufi fada, wato majalisarsu ta gindin itacen bedi inda suke shan shayi. Intalla ne mai buta a wurin, dattijon da kakanninsa suka gangaro daga arewa da raƙuma, mai maganar da ba ta fi cikin finjali ba. Rabo ya miƙa waya hannu-hannu, yana nuna musu ɗan hoton bidiyon da Zaharaddini ya haɗo masa, na injin yana ƙera mataji.

"Ku kalla da kyau. Daga yau Dakoro ta gama sayen kayan waje. Bokiti, buta, takalmi, duk ni zan riƙa bugawa. Har haƙora zan buga wa masu giɓin garin nan, don na gaji da ganin bakuna kamar zauren da aka cire wa ƙyaure."

Shayi ya sarƙe Abarci. Da ya gama tari ya share ido, ya ce, "Haƙora, taubashi? Lalle ka san inda ke yi wa talaka ƙaiƙayi."

Rabo ya galla masa harara. Abarci ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba.

"Ni ban son bokiti, ban son jirgin sama. Matajin nan da na gani, shi nake so. Ranar kasuwa, gaban jama'a. In injinka ya fitar da mataji, kowace Juma'a ni zan taje maka gashin baki, kyauta, har ƙarshen raina. In bai fitar ba, askata ta ci shi. Ƙwal."

Hannun Rabo ya kai kan labule da kansa. Ya so ya ce a sa wani abin, ko hula, ko agogo, ko ma rumfar duka. Amma idanu sun yi masa caa, kuma baki shi ke yanka wuya.

"Mataji kawai? Na ɗauka wani aiki za ka ba ni. Na yarda!"

"Baba Intalla, ka ji?" in ji Abarci.

Intalla ya ɗaga buta sama, ya zubo shayi har ya yi kumfa. "Kunnena ba na aro ba ne."

Washegari Rabo ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya juye kayan kwali. Sanduna masu kwarmi, wayoyi, nadin zaren roba baƙi, da ƴan tayoyi da ba su fi goro ba. Ya ɗaga guda ya yi dariya har gashin baki na rawa.

"Wanga ce tayar? Ɓeran gida za a yi wa amalanke?"

Ya kwance wata ƴar leda, ƴan zobba sirara suka zubo. Ya juya su a tafi, ya gyaɗa kai kamar wanda ya gano asirin duniya, ya miƙa wa Hamsatu.

"Ungo, naki ne."

"Malam, ba su ne Zaharaddini ya ce a sa tsakanin rulma ba?"

"Ke, mi kika sani? Gyara ce. In kin sayi gero, mai awo ba ya ƙara miki ɗan tafi a bisa? Su ma masu injin ƴan kasuwa ne, sun san mutunci. An sayi taya, an sayi rulma, suka ce ga gyara. Gyara kuwa ta uwargida ce."

Hamsatu ta gwada guda a ƙaramin yatsa, bai shiga ba. "Tun da aka ɗaura mana aure sai yau na ga zobe daga hannunka, shi ma na ƙadangare." Ta zura su a zare, ta rataya wa ƴar akuyarta a wuya.

Rabo ya ɗora rulma a bakin taya, ya danna da yatsa sau guda, don kada a ce bai ji maganar ƙane ba. Ba ta shiga ba. Ya jawo guduma. Ƙwas! Taya ta rabu biyu, rabi ya yi madafa, rabi ya yi makewayi.

"Innalillahi!" in ji Hamsatu.

"Kwantar da hankalinki, jarrabawa na yi mata, ta faɗi. Gara ta mutu nan da ta kunyata ni a kasuwa."

Allah ya taimake shi akwai rara. Sauran ya bi su da guduma a hankali, irin hankalin Rabo, kowace rulma ta shiga a karkace tana kallon ƴar uwarta. Sai ya zo kan notin nan masu rami a gefe. Ya ɗaga guda saitin rana, ya rufe ido ɗaya, ya yi tsaki.

"Ha'inci! Rami ba a tsakiya ba. Wanda ya huda wanga noti barci yake ji. Sun ga yaro ne, sun cuce shi, shi kuma don kunya ya ce haka ake yi."

Ya tattara su ya wurga bayan danga, ya kwaso na amalanke daga gwangwaninsa. Nan take murya ta tashi daga maƙwabta. Hawwa'u ce mai ƙosai.

"Wane mara aikin yi ne ke jifata da ƙarfe cikin ƙullu?"

"Ci gaba ne ya faɗo gidanki, Hawwa'u, ki yi godiya!"

"In mai saye ya karya haƙori, wurinka zan turo shi!"

"Turo shi, sabo zan buga masa!"

Da ya ɗora kan injin bisa sanda, sai abin ya kama girgiza, ya yi nan ya yi can. Hamsatu ta leƙo. "Kamar haƙori mai shirin fita."

Rabo bai son a ambaci haƙori a gidansa. Ya ɗauki ɗan kilen ɗaure noti da ya zo cikin kwali, ya ce wannan tsinken sakace ne, ya yar. Ya shiga ɗaki ya fito da nasa kile, na tayar amalanke, ya zura masa tiyon ƙarfe don ƙarin tsawo. Ya sa Hamsatu ta danne gindin injin da gwiwa, shi kuma ya taka tiyo da ƙafa, ya hau da dukan nauyinsa. Ƙarrr! Ya koma ta biyu. Ƙarrr! Haka ya bi su duka.

"Taɓa ki ji. Yana girgiza?"

Ta taɓa. "Ba ya girgiza."

"To!"

"Ba ya kuma tafiya."

"Sabo ne. Sabuwar taya kunya take ji. Giris take so."

Ya dumbuzo giris da hannu, ya damƙa wa tayoyi, ya shafe sanduna, ya ƙara wa wayoyi ma don albarka. Iska ta taso ta kwaso rairayin tsakar gida da dusar da Hamsatu ta tankaɗe, ta yi wa injin wanka. Kafin azahar ya koma kamar tsiren da aka barbaɗe da ƙuli. Rabo ya ja da baya yana sha'awar aikinsa. Saura abu guda, hauri. Ya ɗaga ƙafa, sai ya tsaya, ya waiga hagu da dama ya tabbatar babu jaki kusa, sannan ya sakar masa. Injin ya ɗan karkata kamar mai gaisuwa.

"Ya yi," in ji Rabo.

"Malam, ka gwada shi nan gida tukuna, inda daga ni sai akuya."

"Mai shakkar aikinsa shi ke gwaji. Kuma na riga na gaya wa konseye, wakilin unguwarmu, shi zai fara dannawa."

"Ka tuna abin da ke ƙarƙashin hancinka, dai."

"Ke ki tuna za ki zama matar mai masana'anta."

Ranar kasuwa ta zo. Rabo ya sa mai shela ya zaga gari tun da safe, don haka kafin hantsi gaban rumfarsa ya cika maƙil. Makiyaya daga Rumbu sun bar shanunsu, manoman Sabon Maci sun bar buhunan wake, masu amalanke sun jera jakunansu a gefe. Har wata tsohuwa daga Mai Yara, wadda babu haƙori ko guda a bakinta, ta zo ta zauna a gaba, ta ce ita ce ta farko a layi. Aka aro gurup, wato injin ba da wuta, daga mai cajin wayoyi, aka ɗora injin bisa tebur, aka lulluɓe shi da zanen gado. Intalla ya kawo butarsa, don alƙali ba ya zama ba shayi. Abarci ya shimfiɗa ƴar fatarsa a gefe guda, ya zaro aska, yana wasa ta a tafin hannu yana murmushi.

Sai ga konseye Jafaru, wakilin unguwa, da babbar riga mai sitati. Wannan bawan Allah bai taɓa barin ƙyalle ya wuce shi bai yanka ba. An ce rijiya guda ya buɗe ta har sau biyu, na biyun bayan ta ƙafe. Ya iso ya duba, ya ce ina ƙyallen? Rabo ya manta da ƙyalle. Ya waiga, idonsa ya faɗa kan sabon kallabin Hamsatu.

"Ara mini, yanzu zan maido miki."

Kafin ta buɗe baki an ɗaure shi tsakanin turaku biyu, ita kuma ta ja mayafi ta rufe kai tana huci. Konseye ya gyara murya.

"Jama'ar Dakoro! Yau rana ce ta debelopma, ranar ci gaba. Tun ina ƙarami nake mafarkin wannan inji. Ni na ba Metir Rabo shawara, ni na ƙarfafa masa gwiwa. Nan gaba kaɗan, matan Faransa da matajin Dakoro za su riƙa taje kai!"

Aka yi tafi. Almakashi ya yi ƙyas, kallabi ya zama biyu. Hamsatu ta dafe ƙirji, ta ce, "Allah ya isa," a hankali, amma Abarci ya ji, ya ƙara wa aska kaifi.

Rabo ya yaye zanen gado. Aka tayar da gurup. Ɗan gilashin da ke gaban injin ya kawo haske, hoton mataji ya bayyana, jama'a suka ɗauki kabbara. Konseye ya danna, ya juya yana kallon masu ɗaukarsa hoto da waya. Bakin injin ya yi zafi, warin roba ya tashi. Rabo ya shafa gashin baki, ya kalli Abarci ta wutsiyar ido.

"Taubashi, ka fara koyon taza."

Sai kan injin ya motsa. Ya yi gurnani, ya ja kaɗan, ya yi tsalle, ya tsaya. Tayoyin da aka matse sun baje ta gefe guda, sai tafiya yake kwas, kwas, kamar jaki mai ɗingishi. Zaren farko ya fito ya kwanta a karkace, na biyu ya hau kansa ta wata hanya daban.

"Metir, rubutun likita yake yi?" wani ya tambaya daga baya.

"Sa hannu yake yi tukuna. Kowane babban inji sai ya sa hannu."

"Mi ya sa yake kuka?"

"Ba kuka ba ne, ƙarfi ne ya yi masa yawa."

Rairayin da ke cikin giris ya shiga aikinsa. Ƙurrr, ƙurrr, sai kan ya tsaya cak a tsakiyar sanda, yana rawar sanyi, roba na taruwa a wuri guda. Ba ka jin komai sai askar Abarci, shuu, shuu, a tafin hannu. Gumi ya keto wa Rabo ta ƙarƙashin hula.

Amma mutumin da ya je Agadas ba ya rasa dabara. Ya ɗaga hannu. "Kada kowa ya firgita! Kafewa ya yi a rairayi. Haka motarmu ta yi a Tenere, kuma maganin kafewa guda ne. Ina majiya ƙarfi?"

Makiyaya uku suka fito, irin waɗanda ke kayar da bijimi da hannu. Suka ajiye sandunansu, suka naɗe hannun riga, suka dafa kan injin da bai fi dunƙulen hannu ba. Rabo ya tsaya gaba yana ba da umarni kamar direba.

"Da sunan Allah, a tura! A tura! Saura ƙiris!"

Tas! Tas! Tas!

Tayoyi suka tarwatse. Ƴan ƙwallayen rulma suka watsu kamar an sheƙa gero. Kajin kasuwa suka rufa musu. Guda ta faɗa finjalin konseye, shayi ya fantsama a gaban riga mai sitati. Makiyayan uku suka wuce da ƙarfinsu suka rungumi turken rumfa, rumfa ta durƙusa. Kan injin kuwa ya sauka daga sanda, ya rataye da wayoyinsa yana lilo, bai kuma fasa aiki ba. Zaren roba baƙi yake ta tofarwa a iska, yana murɗewa, yana cukuikuyewa, har ya tara wani ƙullin gashi baƙi wuluk a kan tebur. Daidai lokacin ƴar akuyar Hamsatu ta ratso tsakiyar taro da rabin kallabi a baki, zobban wuyanta na ƙara, cas, cas.

"Malam," in ji Hamsatu da ƙarfi, "ga gyararka nan tana yawo."

Mai gurup ya kashe wutarsa. Rabo ya yi wuf ya ɗauki ƙullin robar, ya ɗaga sama yana hura yatsu.

"Jama'a, ga mataji!"

Dariya ta ɓarke.

"Ku yi dariya, rashin yawo ne ke damunku. Matajin zamani ne, mai haƙora ta kowace fuska. Ba ka taje kai da shi, shi ke bin gashi da kansa."

"To kawo mu gwada," in ji Abarci. Ya karɓa ya cusa cikin gashin bakin Rabo, ya ja. Abin ya maƙale. Ya ƙara ja, Rabo ya biyo shi taku biyu yana ƙwalla. Da ƙyar aka raba su. Kowa ya juya wurin Intalla.

Intalla ya kurɓi shayi, ya tofar da wata ƴar ƙwallon ƙarfe a tafi, ya dube ta, ya ajiye. "Na yi kiwo har na tsufa. Na san mataji, na san wutsiyar raƙumi. Wanga ya fi kusa da wutsiya."

Abarci ya buga fatarsa. "Bismilla, Metir."

Rabo ya matso kusa da kunnensa, murya ta koma ta ɗan tsako. "Taubashi, don zumunci. Uwata da ubanka ciki guda suka fito. Ka san abin da ke ƙasa."

"Na sani. Jama'a ne ba su sani ba."

"Rage rabi, ka bar mini rabi."

"Injinka ya fitar da rabin mataji?"

Rabo ya waiga wurin matarsa, ko za ta sa baki. Hamsatu ta ɗaga ragowar kallabinta. "Aske, Abarci. Ƙwal aka ce."

Rabo ya durƙusa. Aka shafa ruwa da sabulu. Aska ta bi hagu, ta bi dama, gashin da aka yi shekaru ana kiwo ya zube a ƙasa, kaji suka zo suka duba suka ga ba na ci ba ne. Wurin ya fito fari fat. Rabo ya miƙe, ya damƙe leɓɓansa gam kamar ya ɗaure su da nasa kile.

Aka jira ya yi magana. Shiru. Aka ƙara jira. Wallahi tun da aka kafa Dakoro ba a taɓa jin irin wannan shirun ba, har tsofaffi suka fara duban sama ko wani abu zai faru. Rabo kuwa lissafi yake a ransa: in ya kai gida baki rufe, ya shige ɗaki damina guda, a ce ya koma Yamai ƙaro ilimi, shi ke nan asiri ya tsira. Ya fara ja da baya a hankali.

Sai konseye Jafaru, yana goge riga, ya juya ga jama'a. "Ni dama tun farko na faɗa, ba a ji ba. Wannan mutum ko tayar amalanke bai sani ba."

Rabo ya tsaya cak. Ya haɗiye. Ya ƙara haɗiyewa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Kunya ta ce masa tafi, baki ya ce ina!

"Ni? Ni ne ban san taya ba? Ni da na ratsa Tenere da..."

Iska ta fito da fito, fiii, ta ƙofar da babu ƙyaure. Kasuwa duka ta leƙa.

Tsohuwar Mai Yara ce ta fara magana. Ta tafa hannu, ta matsa gefe a kan tabarmarta. "Ayya, ɗana! Ashe ka riga ni layi. Zo zauna gaba."

Ɗaya daga cikin makiyayan ya sunkuyo ya duba da idon masani. "Wanga aikin jaki ne. Ƙafar baya, ta dama."

Kamar an ba shi labari, wani jaki a layin amalanke ya ɗaga kai ya kece da kuka, sauran suka amsa masa. Mutane suka zube. Hawwa'u mai ƙosai tana dariya har ta zauna cikin tirenta. Intalla ma, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa.

Rabo ya dubi jama'a, ya dubi gashinsa a ƙasa, ya dubi gawar injin da mai shi ke bisa hanya. Idonsa ya faɗa kan ƙullin robar nan baƙi. Ya ɗauka, ya karkaɗe, ya ɗan ja gefe da gefe, ya manna a ƙarƙashin hanci, ya riƙe da yatsa biyu. Ya rufe leɓɓa duka biyu, kamar an auna.

"Jahilci!" in ji shi ta bayan sabon labule. "Kun ɗauka injin bai san abin da yake yi ba? Ya hango askar wanga azzalumi tun daga nesa, ya bar mataji ya buga mini abin da na fi bukata. Wane injin Yamai ne ke da irin wannan hankalin?"

Abarci ya share hawaye, ya naɗe fatarsa. "Na sallama, taubashi. Kawo shi kowace Juma'a in taje maka, kyauta."

Rabo ya juya ga jama'a, ƙirji a gaba, yatsu biyu a ƙarƙashin hanci.

"Kun ji da kunnenku? Baba Intalla, ka zama shaida. Wa ya ci?"